Hoton Buba da Na Ɗauka Daga Kan Suri

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa gare ka, mai sunan Malam. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Kebbe lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya sa ka shiga aikinka da ƙafar dama. Na ba innarka takardar nan ta miƙa maka, don ka san ni da kai ba mu saba zama tabarma ɗaya mu yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, haka muka tarar ana yi. To amma abin da ke raina yau ya fi ƙarfin "Allah Ya kiyaye hanya" a bakin zaure, shi ya sa na nemi biro. Ka karanta ta kafin ka hau mota, domin akwai inda za ka fara zuwa a cikin garin nan.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Kwana huɗu ke nan da na aika maka da kyamarata don ka tafi da ita wurin sabon aikinka na malamin dabbobi. Ba gajiya na yi da ita ba. Na yi aikin malamin gona da ita har na yi ritaya, na san amfaninta ga mai yawo tsakanin ruga da gona. Sai ga shi jiya ƙanwarka Hadiza ta shigo tana ƙyalƙyala dariya da waya a hannu, wai in zo in ga abin da yayanta ya ɗauko ranar kasuwa. Na karɓa na duba. Baba Na'Allah wanzami ne a bayan rumfarsa, ya juya wa mutane baya yana shan fura, ludayi na rawa a hannunsa, rabi na shiga baki, rabi na bin gemu. An ce daga saman bene ka tsaya kai da abokanka ka jawo shi da zum, ka tura cikin waya, har wani marar kunya ya sa masa kiɗa.

Haba! Mutumin da ya yi maka askin suna? Kana tsammanin don me yake zagayawa bayan rumfa? Da ya ga hannunsa ya fara rawa, shi da kansa ya ajiye aska ya bar wa ɗansa, bai jira an gaya masa ba. Abin da ya rage wa tsohon nan a duniya shi ne ya sha furarsa ba mai kallo, shi ne kai da karatunka ka hau bene ka ƙwace. Na so in aika a kira ka in wanke ka tas a gaban ƙannenka. Abin da ya riƙe ni, ni ma na taɓa yin irinta da wannan kyamarar, kuma tawa ta fi taka muni. Zan zo kanta. Bari in fara da ƙananan wautata, kada ka kashe mini kaya kafin ka yi wata.

Abin da ya fara ruɗa ni da ita ƙanƙantarta. Tana shiga aljihun riga ta ɓace, sai na riƙa jefa ta tare da goro da makullin babur. Na je da ita wurin sussuka a Jabo, ƙaiƙayi na tashi, ni kuwa ina ta fito da ita ina mayarwa. Ka dai ga yadda idonta ke miƙowa waje in an kunna. To ranar ya fito rabi ya tsaya, ba gaba ba baya, tana ta gurnani. Sai da na kai ta Sakkwato. Mai gyaran ya buɗe ta, ya dube ni ya ce, "Malam, kyamara ta ko rumbu? Mi kaka ajewa cikin aljihun ga?" Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Don haka ga 'yar jakarta nan, in ba hoto kake ɗauka ba a ciki take kwana. Akwai ƙyalle mai laushi a aljihun jakar, da shi kaɗai za ka goge gilashin. Ɗan zanen da ke gefen idon, bakin rigata ne ya yi shi.

Sai zum ɗin, wanda shi ne ya hau maka kai yanzu. Ni ma ya hau mini. Makon farko ko akuyar maƙwabci na gani sai na ja shi har ƙurewa. Wata shekara tsuntsayen jan-baki suka sauka a dawar mutanen Dogon Daji, aka tura ni in kawo shaida. Na tsaya bisa babur, hannu ɗaya a kan kyamara, na ja zum har inda ya tsaya, na yi ta dannawa ina jin kaina gwani. Da na kai ofis maigidanmu ya juya allon sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Malam Umaru, waɗanga tsuntsaye na, ko miyar kuka anka zubar?" Aka yi mini dariya, na koma cikin rana na sake.

Ka lura, in kana ja akwai wani layi da ke tafiya a saman allo, da ɗan tsagi kusa da ƙarshensa. Kafin tsagin, gilashi ne ke jawo abu da gaske. Bayan tsagin, kumbura hoton kawai take yi, yana girma yana dagulewa. Ka tsaya a tsagin. Kuma duk yadda ka jawo abu kusa, haka rawar hannunka ke ƙaruwa, don haka ka sauka daga babur, ka jingina da itace, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Akwai alamar ɗan tafin hannu mai hana girgiza, na bar ta a kunne, kada ka taɓa. Madannin ɗauka kuma ba a dankwafe shi gaba ɗaya kamar ana kashe kaska. Ka danna rabi, ka jira ɗan akwatin da ke tsakiya ya zama kore, sannan ka ƙarasa. In ka kiyaye wannan, bijimin da ba ya yarda a matso shi za ka ga miki a tozonsa daga bayan shinge, ka ga saniyar da ke dalalar da miyau kafin ka shiga garke. Abin da yake ƙarami kuwa, kamar kaska ko tsutsa a kofato, sai ka juya zuwa alamar fure ka matsa dab da shi. Don wannan na ba ka ita, ba don gemun Baba Na'Allah ba.

Filasha ma, wutar nan da kyamarar ke haskawa, ta taɓa kunyata ni, kuma a nan ne zan sa maka sunan Buba. Kana iya tuna shi, dogon Bafillacen nan da ke sauka da shanunsa a gonarmu ta hanyar Jabo duk bayan girbi. Shanunsa su ci kara, su bar mana taki. Matarsa Hajo ta kawo wa innarka nono da man shanu, innarka ta auna mata gero. Tun kana goye ake haka, ba takarda ba shaida, kaka na yi sai mu ji kukan shanu mu ce Buba ya iso. Wata rana gab da magariba na so in ɗauki ɗan maraƙin da aka haifa, ban san na bar kyamarar a inda take zaɓar wa kanta komai ba. Ina dannawa sai wal! Uwar maraƙin ta tsinke igiya, ta bi ta kan ƙoren Hajo, nonon yini guda ya bi ƙasa. Na tsaya ina ba da haƙuri, Buba kuwa dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, wanga abu naka walƙiya shikai babu hadari. Gobe ka sa shi yi muna ruwa." Haka mutumin yake, ɓarnar dukiya ba ta ɗaga masa hankali. Kai dai in za ka shiga cikin dabbobi, ka nemi alamar walƙiya ka kashe ta. Batir biyu ne a jakar, duk inda ka samu wuta ka cika su, kuma kada ka bar ta bisa tankin babur rana ta dafa ta.

Wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta, ta kati ce. Katin farko ya cika, na shiga lalube cikin saituna, na ga inda aka rubuta fomat. Na ɗauka gyara zama zai yi wa hotunan. Ta tambaye ni ko na tabbata, ni da taurin kai na ce e, alhali ga malamin makaranta a maƙwabta da zan iya tambaya. Ƙiftawar ido komai ya tafi. A ciki akwai hotunan kakarka, wadda ta raine ka, tana zaune tana kaɗi a bakin ɗakinta. Wata biyu bayan haka ta rasu. Ba mu da hotonta ko ɗaya, kuma ba wuta ce ta ci ba, ba ɓarawo ba, babban yatsana ne. Abin da ba ka gane ba kada ka danna shi, ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya ya girme ka da jahilci a ganinka. Hoton da kake ji da shi kuma akwai alamar makulli, ka kulle shi, ka kuma kwafe shi wani wuri. Tun daga ranar na san abin da ake nufi da a ce mutum ya tafi ba a bar ko fuskarsa ba.

Yanzu ga babbar. Kyamarar nan tana yin ɗan ƙara in ta ɗauka, ƙyas. Wata rana na gano inda ake kashe shi, na kashe. Na gaya wa kaina wai don kada tsuntsaye su tashi ne. Ƙarya nake yi. Daɗi nake ji in ɗauki mutane ba su sani ba, in zo majalisa ana kewaye ni ana cewa Malam Umaru ba dama.

Buba yana da ɗan fari, saurayi, mutane na ce masa Dikko. Ka san kunyar ɗan fari a wurinmu, to tasu ta ninka tamu. Ban taɓa jin Buba ya kira sunansa ba, ko Dikkon ma ba ya faɗi, sai dai ya ce "mai sandar can." Ba su zama inuwa ɗaya, ba su cin abinci wuri ɗaya. In Dikko ya shigo ruga ta gabas, Buba ya tuna yana da abin dubawa ta yamma. A shekarar da nake ba ka labari zazzaɓi ya kama Dikko. Na tafi gona da hantsi, mata sun tafi tallar nono, shanu sun fita kiwo, rugar shiru. Maimakon in yi sallama, sai na hau wani suri a bakin hanya don in ɗauki yadda taki ya baje a gonar. Ina juya kyamara sai na hango wani abu a gindin gawo, can ƙarshen gona. Na ja zum.

Buba ne zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa. Dikko na kwance, kansa bisa cinyar ubansa. Buba ya cire malfarsa yana yi masa fifita da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana shafa masa kai, bakinsa na motsi. Ya duba gabas ya duba yamma kafin ya zauna, na tabbata, ya ga ba kowa. Bai san akwai wani ƙato bisa suri da gilashin da ke cin nisa ba. Na jingina, na danna rabi, akwati ya yi kore, na ƙarasa. Duk hotunan da na ɗauka a rayuwata ba wanda ya kai shi fita, har jijiyar hannun Buba ana gani. Na sauka na koma gida ban ko gaishe su ba.

Da na tsaya nan, da tsakanina da Allah ne. Ranar kasuwa na tafi kara, inda ake cinikin shanu, na tarar da Fulani cike da rumfa, har da surukan Buba da sa'o'insa. Bakina ya yi mini ƙaiƙayi. Na ce ku zo ku ga abin mamaki. Kyamara ta shiga hannu, ta fita hannu, ni da kaina nake nuna musu yadda ake ƙara girman fuska a allo. Wani ya ce, "Ashe Buba raino shikai!" Wani ya ɗaga murya, "Ku zaka ku ga uwar Dikko!" Rumfa ta ɗauki dariya, ni ne a gaba. Ana cikin haka Buba ya iso da sandarsa a kafaɗa, wani ya miƙa masa.

Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Malam, ina kat tsaya?"

Na ce, "Bisa surin can na bakin hanya." Har lokacin da sauran murmushi a bakina.

Ya ce, "Shekara nawa kana zakkuwa rugata, na taɓa hana ma tabarma?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Da ka yi sallama, da na tashe shi, ka iske mu yadda mutane ka iske mu. Amma kat tsaya nesa awa mai bin sawun shanun mutane." Ya sa mini kyamarar a hannu a hankali, kamar yana tsoron ta fashe, ya ce Allah Shi ba mu alheri, ya juya.

Bayan kwana biyu na je gona na tarar da toka da turaku. Sun tashi tun karan gonar bai ƙare ba. Sunan nan kuwa ya bi shi, kasuwa-kasuwa ana ce masa Uwar Dikko, har yaran da ba su san mafarin ba. Kaka ta zagayo ba mu ji kukan shanu ba, ta sake zagayowa haka. Daga baya na ji ya koma wajen Kebbe. Innarka ta tambaye ni me ya kori Hajo, na ce Fulani ne, ba su da tabbas. Ka ji fa, na ci mutuncin mutum, na kuma ɗora masa laifin tafiya. Kuma abin da ke ƙona mini rai, me na gani a hoton nan da ya cancanci dariya? Uba ne da ɗansa ba lafiya. Kyamara ta nuna mini abin da ke gindin gawo sarai, ni ne ban da hankalin gane abin da nake kallo.

Kada ka ce ban yi yunƙuri ba, na yi, kuma shi ma abin kunya ne. Shekara uku da suka wuce labari ya zo cewa Dikko ya rasu, ciwon ciki na 'yan kwanaki. Na hau babur da sassafe na nufi Kebbe da niyyar ta'aziyya da neman gafara. Na yi tambaya aka nuna mini rugar. Da na hango bukkoki sai na kashe babur. Na tsaya gindin wata tsamiya na ce bari in duba ko yana nan. Ka san da me na duba? Na zaro ta daga aljihu, na ja zum. Ga shi nan zaune bisa buzu, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana jan carbi. Na kalle shi a allo har na ƙoshi, ban ɗauka ba, amma ban ƙarasa ba. Na juya babur na dawo Tambuwal, na ce wa innarka ban same su ba. Tafiyar da ba ta fi a kira mutum ya amsa ba ta rage tsakaninmu, na kasa. Wannan abin yana koya wa mutum ragwanci, yana sa ka ji kamar ka je alhali ba ka je ba.

Yanzu ciwon ƙafar nan ya hana ni hawa babur, mota kuma ba ta shiga inda suke. Watan jiya Alhaji Manu, dillalin shanun Dogon Daji, ya tsaya a ƙofar gida ya ce Buba na kwance, jiki ya ƙi. Ya ce kuma Hajo ta tare shi a kasuwar Kebbe, ta ja shi gefe ta ce, "Malamin gonan nan na Tambuwal, shina nan da rai? Abin nan da yaɗ ɗauka, bai ɓace ba?" Ita ma uwar ɗan fari ce, ba za ta iya faɗin abin da take nufi ba, amma na gane. Dikko bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Hoton da na kunyata ubansa da shi, shi kaɗai ne fuskarsa da ta rage a duniya.

Ka taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, za ka ji ɗan abu naɗe a takarda. Tsohon katina ne, sabo na sa maka a kyamarar. Hoton yana ciki, na kulle shi da alamar makulli tun ranar da suka tashi. Sau da yawa na buɗe don in goge, in kasa, don na ga ba ni da ikon ajiye shi, ba ni kuma da ikon share shi. Na Buba ne. Ina tsoron ɗayanmu ya riga ɗaya ban ji ya ce ya yafe ba, kuma ba ni da wanda zan aika sai kai.

Ga yadda za ka yi. Da farko, yau ɗin nan kafin tasha, ka je rumfar Baba Na'Allah. Ka durƙusa, ka gaya masa abin da ka yi da bakinka, ka goge a gabansa, ka bi abokanka ɗaya-ɗaya su goge nasu, har da Hadiza. Ka mayar da ƙarar nan da na kashe, duk wanda za ka ɗauka ya ji ƙyas ɗin, kuma ya zama ka tambaye shi tukuna. In ba ka yi wannan ba, ka bar mini kyamarata wurin innarka, ba na wasa. Mutanen da za ka yi aiki cikinsu, in suka ji kai mai leƙe ne daga nesa, ko kazarsu ba za su bari ka yi wa allura ba.

In ka huta a Kebbe, ka nemi wanda ya san hanya ya raka ka rugar Buba, da rana tsaka, ka kuma ji shawarar mutanen gari kan hanyar da za a bi. Ka kashe babur tun daga nesa, ka taka da ƙafa, ka yi sallama da ƙarfi. Kyamara na cikin jaka. Ka zauna inda aka nuna maka, ka sha abin da aka ba ka, ka yi ta'aziyyar da ubanka ya kasa yi. Ka ce Umaru malamin gona ne ya aiko ka, ka ce ya ce ya yi laifi, ba kuskure ba, laifi. Ka gaya masa har zuwan da na yi na tsaya gindin tsamiya, kada ka rage mini komai. Sai in mutane sun watse, ka sa katin, ka nemo hoton, ka cire makullin. Ka nuna masa madanni biyu, wanda ke haskaka allo in ya mutu, da mai alamar kwandon shara. Ka ce in ya so a wanke masa a takarda za ka kai Sakkwato da kanka, in ya so ya tafi, ga madannin a ƙarƙashin yatsansa. Daga nan ka sa masa ita a hannu, ka tashi ka je duba shanu, ka ba su baya shi da Hajo. Kada ka waiwaya, kada ka tambaye shi wanne ya danna. Abin da ya ce game da ni, mai daɗi ko marar daɗi, ka kawo mini shi yadda yake.

Saura abu ɗaya, kuma gara ka ji daga gare ni tunda dole za ka gani. In kana neman hoton Buba za ka ratsa wasu da yawa. Na yi niyyar kwashe su kafin in naɗe katin, na zauna da shi a hannu tun bayan sallar asuba, na fasa. Akwai kai ranar da kuka gama sakandare, daga bayan katangar makaranta na ɗauka, bayan na ce wa innarka ina da aiki ba zan je ba. Akwai kai a filin idi, sahu shida tsakaninmu. Akwai kai kana koyon babur ka faɗi cikin kunyar gona, na ɗauka sannan na ɓuya bayan rumbu har ka tashi. Akwai ranar da ka dawo da takardar gama karatu, kana nuna wa innarka a tsakar gida, ni ina zaure ina leƙe ta tsagin ƙofa. Sun fi ɗari. Babu ko ɗaya da kake kallona a ciki, don babu wanda ka san ana ɗauka. Na tsaya a kara na yi wa Buba dariya, alhali shi ya fi ni, shi ko ba komai ya sa hannu ya shafa kan nasa. Ni gilashi na aika.

Har yanzu ina fushi da kai kan tsohon nan, kada ka ɗauka na huce. Amma akwai wata alama a kyamarar da ban taɓa amfani da ita ba, mai kamar agogo. In ka danna ta, takan ƙirga daƙiƙa goma kafin ta ɗauka. Na auna da ƙafar nan tawa mai ciwo, daga turmin innarka zuwa bakin zaure taku bakwai ne, kai ba za ka kai haka ba. Ranar da ka zo hutu, ka kife turmin, ka ɗora ta a kai, ka mayar da zum ɗin baya gaba ɗaya. Ka danna, ka zo ka zauna a tabarmata. Wanda zai yi dariya ya yi.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin hanya da na mutane, Ya kuma raba mutane da sharrinka. Allah Ya ba Buba lafiya, Ya sa ka same shi da rai, Ya jiƙan Dikko da kakarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya maido mana da kai lafiya. Innarka ta sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a jakar baya, kada ka ɗora kyamarar a kansu.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Umaru, Tambuwal.